Gyaren da ke Kunnen Mai Walda

"Wai me na yi miki ne?" Mai Walda ya tambaya daga bakin ƙofar falo, idanunsa jajur kamar garwashi.

Amarya ta ci gaba da naɗe bargonta a kan doguwar kujera. "Ba komai."

"Ba komai, amma kin bar mini gado kamar gwauro?"

"Nan ya fi iska."

"Falon da ko tagarsa ba ta buɗuwa?!"

Ta shige kicin ta bar shi da baki buɗe.

Abin da Amarya ba ta sani ba, akwai gyare a kunnen mijinta na hagu. Shekarun yankan ƙarfe ne suka bar masa wannan ƙara. Da rana, cikin hayaniyar shago, ba ya jin ɗuriyarsa. Da zarar haƙarƙarinsa ya taɓa katifa sai ya soma, tsiiii... In ya samu barci mai nauyi, da safe sai ya tarar gyaren ya yi laushi, kamar daga gidan maƙwabta yake kuka. In kuwa gyangyaɗi ya yi a kan benci, sai ya farka da shi yana tsala ihu. Tun yana neman aurenta ya ɓoye mata. Wace budurwa ce za ta so saurayin da ake busa a cikin kansa?

Sai aure ya zo masa da maganin da bai nema ba. Amarya, duk kyanta da sanyin muryarta, minshari take yi, kuma ba na wasa ba. Da ta fara sai ta rufe kukan gyaren ruf, shi kuma ya yi barci har da miyau. Bai taɓa gaya mata ba. Ya sha juya abin a ransa: wanda ya ci moriyar aibin mutum ba da saninsa ba, masoyi ne ko ɓarawo?

Tun da ta ƙaura falo bai runtsa ba. Har ya liƙa wa wani mutum ƙyauren ƙofa a juye.

Ranar da Umma, mahaifiyarsa, ta leƙo ta ga filo a kan kujera, ko ruwa ba ta sha ba ta zaunar da su.

"Auren da ko tukwanensa ba su yi baƙi ba? 'Yata, in ba kya son zaman nan, da kaina zan mai da ke gidanku. Ba zan ajiye 'yar mutane a kan kujera ba."



Amarya ta fashe da kuka. "Umma, ƙanwata ce ta kwana nan... ta ce wai ina... ina minshari kamar janareta! Na ce bari in bar shi ya huta. Ga shi har daga falo ina hana shi barci, dubi idonsa!"

"Wallahi rashinsa ne ya hana ni!" ya faɗa kafin ya kama bakinsa.

Ta ɗago kai a hankali. "Ashe ka sani?"

"Tun daren farko, zuciyata..."

"Ka ce mini barcina kamar na jariri!"

"Ai akwai jarirai masu ƙarfi."

Dole ya fasa ƙwai, ya ba su labarin gyaren daga farko har ƙarshe. Umma ta riƙe haɓa.

"Ɗaya na busa, ɗaya na kaɗa ganga! Lallai Allah bai haɗa ku a banza ba. Kai kuma gobe sai asibiti, a duba kunnen nan."

Amarya ba ta yi dariya ba. Ta taɓa kunnensa da yatsa. "Kana fama da wannan kai kaɗai, ina kwance a gefenka?"

Ya sunkuyar da kai.

Daren nan ta dawo ɗaki, sai dai barci ya ce bai san zancen ba.

"Daina kallona! Yaya zan yi barci kana jira kamar mai jiran mota?"

Ya juya mata baya. Can sai ya ji ta fara ja da gangan, wani ɗan siririn minshari na ƙarya wanda ko sauro ba zai kora ba. Gyaren na nan yana sheƙe ayarsa. Duk da haka Mai Walda ya rufe ido, ya saki jiki, ya yi kamar barci ya kwashe shi.

"Alhamdu lillahi," ta raɗa, ta ja masa bargo.

Ba a jima ba na gaskiyar ya taso.