Ranar da Sauti Ya Ɗauke a Gidan Morufu

Magariba na kawo jiki a Ilori, Risikat tana tuƙa tuwon amala a tsakar gida, mijinta Morufu kuma yana ɗakin da yake haɗa wa mawaƙan biki faifai. Tsohuwar manhajar aikinsa ba ta zama a kwamfutar zamani, shi ya sa tuntuni ya gina mata wata kwamfutar a cikin tasa, marar gangar jiki, taga ce kawai a kan allo. Ran nan ya sabunta manhajar da ke riƙe da ita. Da ya kunna, komai ya tashi ban da sauti.

Ya duba wayoyi, ya canza lasifika. Babbar kwamfuta na magana raɗau, ta ciki kuwa gum. Ya sauya mata katin sauti, ya cire direba, wato 'yar manhajar da ke sarrafa katin, ya sake ɗorawa. Alamar sauti na rawa a allo, ɗakin tsit.

Ya ƙwala wa 'yarsa Sekinat kira, don ita ke share ɗakin.

"Me kika taɓa, 'yar banza?"

"Baba, wallahi ban..."

Ya ɗauke ta da mari.

Kafin a idar da salla dutse ya sauka a kan kwanon rufin gidan. Wani ya biyo baya, mai nauyi, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Aka leƙa waje, ba kowa. Tun daga ranar, da rana ta yi ja sai jifa ya fara, Sekinat ta zauna ta fuskanci bango, bakinta a buɗe, leɓe ba ya motsi, kiɗan ganga da muryoyin mawaƙa suna fitowa daga maƙogwaronta. Morufu ya gane waƙar. Ita ce wadda bai gama haɗawa ba.

Risikat ta ɗauko Alfa Sunmonu, tsohon malamin unguwar. Ya kunna turare, ya daɗe yana karatu, har kiɗan ya tsaya. Sai wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Ya rushe mini gida. Shekaru ina zaune a akwatin can da hannu ba ya kaiwa, ina shan waƙa. Ya sauya ƙofofi, na fito, na rasa hanyar komawa."

Alfa ya dubi Morufu. "Za ka iya mayar da shi yadda yake?"

"Kwafin tsohon... na goge shi, Alfa. Wuri ya yi kaɗan."

Muryar ta yi dariya mai tsawo. "To a ba ni guzuri in tafi. Ko kunnen uban, ko muryar 'yar."

Alfa ya yi tayin rago, aka ƙi. Ya ce zai ƙona aljanin da karatu.

"Ƙona, tsoho. Tare da ita za mu ƙone."

Risikat ta durƙusa ta kama ƙafar mijinta. "Baban Sekinat, yarinya ce. Kai ka ji duniya ka ƙoshi."

Morufu ya juya ga malamin. "Alfa, da kunnen nan nake ciyar da su."

"Faɗa da bakinka," in ji muryar. "Tana nan ciki, tana jin ka."

"Ɗauki muryar," in ji Morufu.

Sekinat ta yi atishawa ta faɗi. A take lasifikan ɗaki suka ɓarke da kiɗa. Alfa ya tattara carbinsa ya fita, ko ruwan gidan bai sha ba.

Yarinyar ta farka da hankalinta, amma ba ta sake furta kalma ba. Risikat ta kwashe ta suka koma Offa wajen iyayenta. Da Morufu ya je biko lokacin bikin Salla, Sekinat ce ta fito. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta ajiye ruwa, ta zauna a gabansa tana kallonsa. Ya yi ta magana har ya rasa abin faɗa, ba ta ɗauke ido ba.