Cibiyar Mastura

A tashar jiragen ruwa ta Jidda Abdulghaffar ya fara ganin Mastura, tana sayar wa alhazai ƙosai.

"Ƙosan nan da tsada?"

"Ga mai kallon mutane haka, ninki biyu ne," ta ce, tana ɓoye murmushi.

Bahaushen Sudan ne, ma'aikaci a Nurul Bahri. Tsohon jirgi ne da ya yi jigilar soja lokacin yaƙi, ya kwashi baƙar fatar Karebiyan zuwa Ingila, da ya tsufa aka mai da shi na alhazai. A kowane zamani talaka a ƙasansa ake cusawa kamar buhun gero.

Duk zuwan jirgin sai ya nemo ta. Yana kiranta Fitilata, tana kiransa Ɗan Ruwa.

A 1972 ya iso fuska ba walwala. "Fitilata, an sayar da jirgin, farfasa shi za a yi. In ban sami kafilin da zai tsaya mini in zauna a ƙasar nan ba, na tafi ke nan."

Ya tura manya unguwar Nuzla neman aure wurin mahaifinta, Malam Na'ibi tela. Ko ruwa bai ba su ba.

"Halas, zance ya ƙare! Saleh mai kanti zan ba. Wannan ina aka binne cibiyarsa? Ba na ba ɗan ƙasan jirgi 'yata."

Abin haushi, mutumin da har gobe ake zunɗensa da Takari a kasuwa, shi ne yau ya sami na rainawa!

Mastura na ta kuka a ɗaka, sai mahaifiyarta Dela ta ɗaga labule.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Ita Masturar ina aka binne tata? A ƙasan jirgin nan na haife ta, kana riƙe mini zane kada a gan ni. Da hannunka ka jefa cibiyar a teku, kana hawaye. Yanzu iƙama, takardar zaman nan, ta mantar da kai?"

Malam Na'ibi ya sunkuyar da kai.

"Yalla, maza ku kira shi. Ni ne kafilinsa."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure. Ana tsakiyar addu'a jirgin ya busa ƙahonsa, ya bar Jidda har abada.

"Gidana ya tafi, Fitilata."

"Gidanmu dai," ta ce. "Ga wani kuma ka samu."

Dela ta ɗaga hannu. "Allah Ya ba ku zuri'a, a binne cibiyarsu a tudu."