Tambarin Dutsen Guga

Ana gab da kiran magariba jifa na farko ya sauka kan kwanon gidan Mu'azu mai wanki da guga. Yana tsakar gida yana kwashe shanya, matarsa Sa'adatu na tuƙa tuwo. Suka ɗaga kai tare. Ba kowa a lungun. Ko kukan adaidaita sahu, wanda ba ya yankewa a Gyaɗi-Gyaɗi, ya ɗauke ɗif. Sai na biyu, sai na uku. Ɗaya ya gangaro gabansa, ya ɗauka, ya yar da sauri. Gawayi ne, da wutarsa.

Kwana tara ke nan da masu haƙa masa masai suka tono wani tsohon dutsen guga a bayan gidan, gaba biyu cikin ƙasa. Irin na gawayi ne, baƙi wuluk, ko ɗigon tsatsa babu. A murfinsa akwai tambari: hannu mai yatsu shida cikin da'ira, da wani rubutu a ƙasa, ba boko ba, ba ajami ba.

Abin ya yi masa aiki. Da ɗan gawayi sai ya wuni da zafi, shadda ta kwanta lumui. Mu'azu ya so ya san kamfanin, ko ya samo na biyu. Ya ɗora takarda a kan tambarin, ya goga fensir, zanen ya fito. Ya kai wa maƙwabcinsa Markus, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya san alamun kamfanonin da. Markus ya sa tabarau, ya ɗauki hoton a waya, ya yi ta bincike, bai samu ba. 'Yan gwangwan na Tarauni ma suka girgiza kai. A kasuwar Kurmi wani tsohon maƙeri ya leƙa takardar, ya ƙi karɓa.

"Ɗana, shekara sittin ina dukan ƙarfe," in ji tsohon. "Wannan ba alamar mutane ba ce. Ka daina tambaya."

Bai daina ba. Duk wanda ya kawo wanki sai ya zaro masa takardar, ya ce, "Ko ka san na wane ne wannan?"

Jifan ya yi kwana uku, kullum da faɗuwar rana. A na huɗu Hajara, 'yarsu mai shekara goma sha huɗu, ta dawo daga Islamiyya ba sallama. Ta wuce har inda dutsen gugar yake, cike da garwashi, ta kifa tafinta a kansa. Sa'adatu ta ƙwalla ƙara, ta fizge hannun. Ba ƙuna. Yarinyar ta durƙusa tana zana tambarin a ƙasa, tana sharewa, tana sake zanawa.

"Hajara! Ke Hajara!"

"Ba ta nan," in ji wata murya daga bakinta, muryar tsohon namiji, a dishe.

Markus ne ya ji ihun, ya hau babur ya ɗauko Malam Abdulmalik, mai ruƙiyya a Ƙauyen Alu.

Malam ya yi sallah, ya zauna kusa da kanta, ya fara karatu a hankali. Tsakar gidan ya ɗauki zafi kamar bakin maƙera. Hajara ta sandare, mutum uku suka riƙe ta da ƙyar. Can muryar ta ce, "Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me ka zo nema a jikin yarinya?"

"Ni ban zo ba. Kirana aka yi." Idanun Hajara suka juyo kan ubanta. "Ni na ƙera dutsen gugar nan, tun nan wurin yana daji. Abin da kake yawo da shi a aljihu sunana ne. Duk sanda ka buɗe shi ka ce na wane ne, ni ka kira. Na yi shiru, na yi shiru, ka ƙi bari. To, ga ni."

Mu'azu ya ji takardar ta yi masa nauyi a ƙirji.

"Bai sani ba," in ji Malam. "Ka fita."

"Ba a kiran maƙeri ya koma hannu biyu. Ina son mai riƙe mini zugazugi. Wannan ta yi."

"Ba za ka samu ba."

"To, hannun da ya yi aiki da kayana."

Kafin kowa ya yi magana Mu'azu ya miƙa hannunsa na dama. "Ɗauka. Ka bar mini 'yata."

Malam ya buge hannun. "Mayar! Ba naka ba ne, amanar Allah ce." Ya ɗaga murya da karatu, bai sassauta ba har abin ya fara kururuwa, yana neman afuwa.

"Kayanka kaɗai za a ba ka," in ji Malam.

Sannan muryar ta ce, "A mayar inda aka ɗauko. A ƙone takardar. Wanda yake cikin wayar wancan a goge. Kada wani baki ya ƙara tambayata."

Markus ya goge a gabansu. Mu'azu ya jefa takardar a murhu. Hajara ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta buɗe ido tana cewa, "Umma, ƙishirwa."

Washegari bayan la'asar Mu'azu ya ɗaure dutsen gugar da igiyar shanya, ya tsaya bakin ramin masan da ba a ƙarasa ba. Markus na gefensa da shebur. Ya fara zurawa a hankali. Igiyar ba ta ko kai rabi ba nauyin ya ɓace daga hannunsa. Bai ji faɗuwar komai ba. Ya jawo, ya tarar an kwance ƙullin tsaf, bakin igiyar da ɗumi.

"Ya kai ƙasa?" in ji Markus.

Mu'azu ya ajiye igiyar.

"Bai kai ba," ya ce. "An karɓa."

Markus bai ƙara tambaya ba. Suka hau zuba ƙasa, ba wanda ya leƙa, ba su tsaya ba sai da ramin ya cika.