Zinarin Bakin Hajiya Insaf

Bayan Babbar Sallah, masu gyaran haƙoran roba a garin Mansura ba sa hutawa, saboda tsofaffin da suka yi kokawa da ƙashin rago. Sufeto Ragab yana shan shayi hankali kwance a ofishin 'yan sanda, sai ga ɗaya daga cikin tsofaffin, Hajiya Insaf, ta dire masa haƙoranta na roba a kan tebur.

"Ɗana, duba! Tsagewa suka yi na kai gyara. Biyun nan na gefe zinari ne, yanzu tagulla nake tsotsa."

"Kin tabbata, Hajiya?"

"Bakina ne ko naka?"

Ya yi dariya, ya naɗe su a hankici.

Shagon da ta kai gyaran yana saman wani gidan burodi. Mai shagon, Usta Fawzi, ya tarbi Sufeto da fara'a.

"Yallaɓai, ni ina ƙauye wajen Sallah, ko ganinsu ban yi ba. Nagwa ce ta yi aikin. Abin da zafi, amma in ta kama a tafi da ita, to."

Nagwa, ma'aikaciyarsa, tana tsaye gaban tukunyar dafa roba, sanye da safar hannu.

"Tsagar kawai na liƙe," in ji ta. "Kuma ban fita ko'ina ba."

"Mai burodi ya ce ya ga kin fita da azahar," in ji Sufeto.

Ta sunkuyar da kai. "Wanda zan aura ne ya zo. Kunya na ji."

Sufeto ya ɗaga haƙoran wajen taga. Robar da ke kan tsagar ta saje da ta asali, amma wadda ta riƙe haƙoran tagullar ta fi haske.

"Usta, roba iri nawa kuke gyara da ita?"

"Biyu. Akwai ta dafawa, ta fi ƙarko, amma tana cin wuni. Akwai ta sauri, a kwaɓa, a danna, ta daskare nan take, sai dai ta fi haske."

"Da me ake dannawa?"

"Yaran yanzu dai da ƙarfe da safa. Mu na da kuwa, babban yatsa ya ishe mu."

Sufeto ya juya haƙoran. "Waje sumul, ciki kuma ba a goge ba. Me ya sa?"

"Ba a goge ciki, yallaɓai. In ka goge, ba za su kama dasashi ba."

"Madalla. Shi ya sa shatin yatsa yake nan a kan robar sauri, har da tabon yanka a tsakiya. Miƙo hannunka."

Usta Fawzi ya kai hannu aljihu, sai kuma ya fito da shi a hankali. Tabon yana nan.

"Na dawo daga ƙauye da azahar na tarar ba kowa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na ce tsohuwa ce, ba za ta gane ba. Na zinarin suna cikin gwangwanin shayi."

Nagwa ta zauna, ta share hawaye, tana hamdala.

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya riƙe Usta Fawzi suka nufi matakala. A bakin ƙofa Usta ya waiwayo.

"Ke Nagwa, rage wutar tukunyar nan. Haƙoran mutane ne a ciki."