Tafki Mai Ruwan Hoda

"Ni ne maƙaryaci, Hajar? Ni?!"

Ghali ya dafe ƙirji da hannu biyu, har makullin mota ya suɓuce ya faɗi. A ƙofar gidan su Hajar suke tsaye, can cikin unguwar Utaiqa ta birnin Riyadh, inda yake zuwa zance duk Juma'a bayan la'asar.

"Ba ni na ce ba, habibi... Kaka ce." Ta sunkuyar da kai. "Ta ce ko dai ƙarya kake, ko kuma kana shan wani abu."

"Innalillahi! Me kika gaya mata?"

"Abin da ka koya mini, wallah!"

Ai kuwa nan take Ghali ya tuna.

Ita Hajar a Riyadh aka haife ta. Larabci zuba yake a bakinta, Hausa kuwa sai da lalube. Ba ta taɓa ganin tafki da idonta ba, amma wayarta cike take da hotunan tafkuna masu launi na ƙasashen duniya. Shi kuma Ghali, ɗan Gumel, direba a wani ofishin jakadanci, da ya gano haka sai ya naɗa kansa malamin Hausa. Ta nuna hoto, shi ya faɗi launi.

Na Senegal, wanda take kira wardi, ya ce ruwan hoda. Na Bolibiya ya ce ruwan goro. Wani mai fari-fari a gindin duwatsun ƙanƙara ya ce ruwan madara, wani da rana ke faɗuwa a kansa ya ce ruwan zuma. Ya yi ta zuba yana jin daɗin yadda take maimaitawa, bai taɓa ce mata wannan "ruwan" launi ne kawai ba.

"Faɗa mini daidai yadda kika ce mata," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Na ce... Kaka, Ghali ya ce akwai tafki na hoda. Akwai na goro. Wani madara ce a ciki, wani zuma. Kuma ya ce in mun yi aure zai kai ni."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce madara da zuma a Aljanna suke gudu. In tambaye ka, ka je ka dawo ne, ko kai ni za ka yi ka baro ni can?"

Da wani aka yi wa, da Ghali ya fi kowa dariya. Amma idon Hajar ya ciko da ƙwalla, kuma kowa ya san mahaifinta, Malam Talle, ba ya tsallake maganar mahaifiyarsa. Idan Kaka Hansai ta ce a'a, to khalas, auren ya sha ruwa.

"Kar ki yi kuka, hasken idona. Shigar da ni wurinta."

Suka tarar da tsohuwar a kan darduma, ƙafa a miƙe, tana jan carbi. 'Yar Damagaram ce da aikin Hajji ya kawo tun tana da ƙarfinta, ba ta sake komawa ba. Ghali ya durƙusa ya gaishe ta, ya shiga bayani tiryan-tiryan, cewa launi yake nufi, yarinya ce ba ta fahimta ba.

"To, na ji," in ji Kaka. "Launi ne. Kai ka taɓa ganin tabkin da idonka?"

"A waya dai, Kaka..."

"Waya! Wayar da ke maida tsohuwa budurwa? Jiya ta ɗauke ni hoto, ban gane kaina ba. Kai yaro, mi ya sa kake cika ma jikata kunne da abin da ba ka gani ba?"

Nan fa ya kamata Ghali ya yi shiru ya ba da haƙuri. Amma Hajar na leƙowa ta bayan labule, shi kuma namiji a gaban budurwarsa bakinsa ya fi hankalinsa sauri.

"Zan nuna miki shi, Kaka! Da idonki!"

"Madalla. Ranar da na ga ruwan da Allah ya rina da kansa, ka turo iyayenka. In ban gani ba, kar in sake ganin takalminka a ƙohwata."

Yana fita ya kira Dawuda, abokin ɗakinsa a unguwar Shumaisi, mai rarraba lemo a shaguna.

"Ka kashe kanka," in ji Dawuda. "Da takardar zama ta direba za ka kai tsohuwa Senegal?"

"Taimakona za ka yi ko zagi?"

"Tsaya... Akwai Ƙasab, inda ake haƙar gishiri, arewa da nan. Na ga wani ya sa bidiyo, ruwan ya yi ja-ja kamar an wanke lalle."

"Ka tabbata?"

"A waya dai na gani."

Ghali ya runtse ido.

Juma'ar da ta zagayo, da sanyin safiya, Dawuda ya ba shi aron motarsa. Yana miƙa makulli ya raɗa masa, "Na sa maka kwalaben Vimto a baya. In ka je ka ga ba launi, ka samu ɗan ƙaramin gurbi ka juye. Tsohuwa ce, idonta ba ya gani sosai."

"A'uzubillahi! Ni?"

"Mafi mushkila, ba damuwa. Ka dawo mini da su in ba ka so."

Bai sauke su ba.

Ya je Utaiqa ya ɗauko su, hanya ta yi tsawo. Malam Talle yana ta gyangyaɗi, Kaka tana ƙorafin sanyi da gudun mota, Hajar kuwa ta kasa zama wuri ɗaya don murna. "Yau zan ga buhaira, ya'ani tafki! Yau zan ga ruwan hoda!" Duk sanda ta faɗa, sai Ghali ya ƙara ƙura wa hanya ido.

Suka isa hantsi. Fili fetal, tulin gishiri fari fat nan da can, ga guraben ruwa a jere. Ghali ya duba dama, ya duba hagu. Babu hoda, babu goro. Ruwan toka ne zalla, irin na wankin kwanoni.

"Ku... ku ɗan jira a mota, in duba wurin da ya fi kyau."

Ya zaga baya ya cusa kwalba biyu cikin jallabiyarsa, ya nufi wani ɗan gurbi a bayan tulin gishiri. Kowane taku, ƙwal... ƙwal... kwalaben na gaisawa da juna.

Ya tsuguna, ya fito da ɗaya, ya kama murfin. Juyi ɗaya kawai, Hajar ta zama tasa.

Sai ya tuna fuskarta a mota. Yarinyar da ta yi shekara da shekaru tana mafarkin tafki, shi ne zai tsayar da ita gaban lemon kwalba tana tasbihi? Kuma ta yi ta ba 'ya'yansu labari? Ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Yana son ta, so mai tsanani, kuma ya san yanzu zai rasa ta.

Ya mayar da kwalbar, ya dawo jiki a sanyaye. Sun riga sun fito, Kaka na dogara sanda.

"Kaka... babu," in ji shi. "Ruwan toka ne. Ban taɓa zuwa nan ba, ni ma ji na yi. Ki yafe mini."

"Ghali, la', a'a!" Hajar ta fashe da kuka. "Kaka, don Allah! Laifin Hausata ne!"

Tsohuwar ba ta kula ta ba. Ta ƙura wa ƙirjin Ghali ido.

"Mi ke kuka cikin rigarka?"

"Na'am?"

"Tun da ka tahi nake jin ƙwal-ƙwal kamar akuya mai ƙararrawa. Hiddo."

Ya fito da su, kai a ƙasa. Malam Talle ya yi salati. Kaka ta karɓi ɗaya ta murɗa murfin, ta ji shi gam, ba a taɓa ba. Ta karɓi ɗayar, haka.

"Bimto," ta ce. "Tabki guda za ka rina da kwalba biyu? Kai ko ƙaryar ma ba ka iya ba."

Hajar ta tuntsire da dariya cikin kukan, ta toshe baki.

Kaka ta taka a hankali har bakin ruwa. Ta duƙa da ƙyar, ta tsoma yatsa ta lasa. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago, hawaye ne ke bin kuncinta.

"Warin garinmu ne," ta ce. "Gabas da Damagaram, inda uwata ke kwasar kanwa. In zahi ya yi zahi, ruwan ya janye, sai ya yi jawur. Muna yara muna shiga, ƙahwahu su tsage, a yi ta dukanmu. Kai kuwa ka kwaso mu cikin sanyi."

Ghali ya saki baki. "Kaka! Ashe kin san akwai?!"

"Na sani mana."

"To don me..."

"Don kai da ita kullum zancenku tabkin can, tabkin can, duk ƙarshen duniya." Ta share ido da gefen mayafi. "Haka nata kakan ya yi mani daɗin baki, ya ce Hajji kawai za mu yi mu koma. Uwata ta mutu ban sake ganin ta ba. Wannan yarinya ita ke shafa mani man zahi a gwiwa. In ka tahi da ita, wa zan gani?"

Hajar ta rungume ta. "Ya Kaka... ba inda zan tafi, wallah!"

Ghali ya zube gwiwa biyu a kan gishiri, bai ko ji zafinsa ba.

"Kaka, ni ɗaki zan nema a Utaiqa, inda za ki jiyo tarina. Duk tafkin da ƙafarki ba za ta je ba, mu ma a waya za mu gan shi."

"Ka ji shi, ya sake soma alkawari." Ta zungure shi da sanda. "Tashi, kar ka ɓata wandon. Talle!"

"Na'am, Inna."

"Yaron nan wawa ne, amma ba maƙaryaci ba ne. Ni ina son in ga ruwan nan ya yi ja kahin in mutu, in zahi ya shigo shi zai dawo da ni." Ta juya ta nufi mota. "Kuma ni ba na shiga motar baƙo sau biyu. Ka san yadda za ka yi da shi kahin nan."

Hajar ta dubi Ghali, ido jawur, a ruɗe. "Ban gane ba... ya'ani ta yarda ko ba ta yarda ba?"

"Ta yarda, rabin raina! Ta yarda!"

"Ku taho ku buɗe mani Bimton nan!" Kaka ta ƙwala daga mota. "Gishirin surukina ya ƙone mani harshe!"