Kwanon Iya Talatu

Azahar ta kusa, hadari ya haɗo daga wajen teku amma ya ƙi zubowa, gari ya ɗauki zafi mai danƙo, lokacin da Tahirou ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar ɗakunan kwanan 'yan mata na jami'ar Calavi. Ya kwance kwanon da ke ɗaure a baya cikin ɗankwali, ya riƙo shi da hannu biyu.

Wassila ta fito da takalmin gudu a ƙafa, gumi na bin gefen fuskarta. Ganinta kawai ya ishe shi ya manta da nisan hanya, amma ita kwanon take kallo.

"Ka sake kawowa?"

"Iya ce ta aiko, Wasi tawa."

Ta ɗaga murfin. Wake da shinkafa ne, man ja kwance a kai yana ƙyalli, ga soyayyen wagashi, cukun nan na Fulani, ga ganda a gefe.

"Dubi man nan, Yaya Tahirou. In ka sa yatsa sai ya nutse."

"Ai daɗin ke nan."

"Daɗin da ya kai Baba kabari."

Ya waiga dama da hagu, kamar Iya tana iya jiyowa daga unguwarsu ta Zongo.

Wassila ce ta farko a gidansu da ta ci jarrabawar bak ta shiga jami'a, a shekarun nan da ƙasa ta sake salo, jam'iyyu suka cika gari, makarantu suka dawo bayan dogon yajin aiki. Mahaifinta Malam Idrissou direban babbar mota ne, ya dawo daga sallar Juma'a wata rana ya yanke jiki ya faɗi, bai sake tashi ba. Da aka yi wa sababbin ɗalibai gwajin lafiya, ma'aikaciyar asibiti ta ɗaure mata hannu ta ce jininta ya yi sama da shekarunta, abin da suke kira tansiyo. Ta tambaye ta yadda babanta ya rasu, sannan ta ce ta rage mai da gishiri, ta riƙa motsa jiki. Tun daga ranar Wassila ta koma dafaffen wake da ganye da gasasshen kifi, da safe kuma tana zagaya filin ƙwallo a guje.

Ta mayar da murfin ta tura masa.

"Ka mayar mata. Kuma ka faɗa mata, ba don ni kaɗai ba. Ƙafafunta suna kumbura, kullum kanta ciwo. Ta rage gishiri, ta je a gwada jininta."

"Ke me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa kafin in taho, ta ce boko ne ke damuna. Kai tana jin maganarka. Ga jarrabawa a gabana, ba zan samu zuwa gida yanzu ba." Ta sassauta murya. "Don Allah, masoyina. Kai kaɗai nake da shi a tsakani."

"Zan faɗa," in ji shi.

Har zuciyarsa ya yi niyya. Amma hanyar Calavi zuwa Zongo tana da tsawo, kuma kowace kwana ya sha sai niyyar ta ƙara raguwa.

Kawunnansa sun riga sun kai goro, an ce biki sai ta gama shekarar farko. Iya Talatu surukarsa ce ke nan. A tsugune yake gaishe ta, bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai taɓa ko shan ruwa a gabanta ba. Da wane bakin zai ce mata abincinta cuta ne? Matar da rabin Zongo ke karyawa a bakin tukunyarta, da tukunyar ta riƙe marayu har ɗaya ta kai jami'a? Kuma a Zongo, ka mayar wa mutum kwano da abinci a ciki, gara ka mare shi a bainar jama'a.

Da ya iso Godomey sai ya ratse gindin wani mangwaro, ya cire rigarsa mai ruwan ɗorawa ta 'yan zemijan masu haya da babur, ya yi bisimilla. Ya ci har ya side kwanon. Abincin da daɗi kamar kullum.

Ya tarar da Iya a kan 'yar kujerarta bayan tukwane, hayaƙi na shiga idonta. Ya tsuguna ya ajiye kwanon. Ta ɗaga ta ji ba nauyi, fuskarta ta washe.

"Ta ci?"

"Ta cinye tas, Iya."

"Me ta ce?"

Idonsa na ƙasa, don haka ƙafarta yake gani. Ta kumbura har silifa ya yi mata shata.

"Ta ce... Allah ya ƙara lafiya."

Iya ta yi dariya tana dafe kai. "Na faɗa maka. Bokon a baki ne, cikin na Zongo ne. Gobe zan ƙara mata mai, karatu cin jiki gare shi. Ba zan kai maka amarya kamar sillen kara ba, ɗana."

Haka abin ya ci gaba. Wassila ta tambaya, ya ce ya faɗa, Iya ta ce to.

"Ta ce to, ga mai sai ƙaruwa yake?"

"Tsofaffi sai a hankali, Wasi."

Iya ta tambaya, ya ce an cinye. Gindin mangwaron Godomey ya san shi. Abokan aikinsa a bakin cocin Saint-Michel suka fara taɓa masa ciki.

"Ango, ba a ɗaura ba har ka ajiye tumbi? Babur ɗin nan zai kai ƙararka."

Ya yi murmushi kawai. Kullum yana cewa gobe zai samu kan maganar, gobe in ta yi sai ya ga Iya tana murna da kwanon da ba komai, ya kasa.

Wata safiya yana jiran fasinja, maƙwabciyar Iya ta iso a guje mayafi a hannu. Ludayi ne ya suɓuce wa Iya tana tsakar zuba wa mai saye, ta sulale gefen murhu. An sa ta a tasi an yi asibiti.

Shi ya je ya ɗauko Wassila. Ruwa ya tsuge musu a hanya, ta riƙe rigarsa tana salati.

Likita ya ce jini ne ya hau ya taɓa ɓarin jiki. Ya ce da an zo tun da wuri, 'yan ƙwayoyi da rage gishiri sun isa su riƙe shi.

Wassila ta durƙusa a bakin gado ta kama hannun da ba ya motsi. Tahirou na tsaye daga bakin ƙofa.

"Iya, me ya sa? Na aiko miki, na sake aikowa, ki je a gwada ki..."

Bakin Iya ya karkace, magana na fita da ƙyar. "Wane... aike? Ke da kike... cinyewa tas..."

Wassila ta waiga ta dubi Tahirou. Ta gyara wa uwarta zane, ta miƙe a hankali, ta wuce shi zuwa baranda. Ya bi ta.

"Ina abincin yake zuwa?"

"Cikina."

"Duka?"

"Duka."

"Saƙona fa?"

Ya kalli ƙasa, yadda ya saba kallo a gaban Iya.

"Ɗago ka dube ni, Tahirou. Ni ba surukarka ba ce."

Karo na farko ke nan da ta kira sunansa ba Yaya. Ya ɗago.

"Tsoro na ji, Wasi. Kada zuciyarta ta karye."

"To ga shi jikinta ne ya karye."

"Ni ban yi nisa a makaranta ba. Abin da aka koya mini shi ne ba a kai wa suruka magana mai ɗaci. Ba a mayar da kwano da..."

"Ba makaranta na nema a wajenka ba, baki na nema. In ba za ka iya ba, ka ce mini ba za ka iya ba. Da na bar jarrabawar na zo da ƙafata." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Ka tsare kunyarka, ka bar mini uwa a kwance."

"Sanyin idona, ki yafe mini..."

"Kar ka ƙara kirana haka. Na san ba mugunta ba ce, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Amma duk ranar da na zuba maka abinci, hannun nan nata zan riƙa gani." Ta juya. "Ka ce wa kawunnanka su zo su kwashe kayansu."

Suka zo suka kwashe. Manya sun sa baki, Iya ma da karkataccen bakinta ta ce yaron kirki ne, Wassila ta ce ta sani.

Ta bar ɗakin kwanan ɗalibai ta dawo gida, tana zuwa Calavi a bas tana dawowa. Tukwanen Iya suka koma kife a zaure. Kowace safiya bayan asuba takan riƙo uwarta su taka har ƙarshen lungu su dawo, kamar yadda likita ya ce. Tahirou ya canza wajen tsayawa ya koma kusurwar lungun, inda ba fasinja sosai.

Sai damina ta yi ƙarfi. Ruwa ya kwanta a ƙofar gidan, taɓo har idon sawu. Ya ga Wassila ta leƙo da Iya a kafaɗarta, ta dubi ruwan, suka koma ciki. Washegari ma haka.

Rana ta gaba, da aka idar da asuba, ya je wani kango da ake gini ya roƙi fasassun bulo. Ya yi ta jigilarsu a bayan babur, yana jerawa cikin ruwan kusa da kusa, daidai takun mai jan ƙafa. Kowanne sai ya hau ya gwada da nauyinsa. Da ya gama ya koma kusurwarsa, rigar ɗorawar duk taɓo.

Ƙofa ta buɗe. Wassila ta dubi bulon, ta ɗaga kai ta dubi kusurwar. Idonta ya cika. Sai ta sunkuya ta gyara riƙon da ta yi wa uwarta.

"A hankali, Iya. Taka nan."

Suka haye, suka bi lungu ba ta waiwayo ba.

Wata mata da kwandon tumatir ta ɗaga masa hannu. "Zemijan, kasuwar Tokpa."

Ya goge fuska da bayan hannu, ya taka babur.