Fasinjan Motar Nashiru

Aikin ba wani babba ba ne. Ranar Alhamis bayan la'asar Simeon, mai ƙungiyar tseren motoci, ya kira bakanikensa Maazou ya ce ya koma gareji ya tada inji, ya canza ruwan lagireto, ya ɗora motar a sikeli, don jibi akwai tsere. Maazou ya ce to. Ya bar Glenwood, unguwarsu a can Amurka, ya kama hanyar Summerfield inda garejin yake, rana tana gangarawa bayan itatuwa.

Ƙungiyar ƙarama ce, motarta ɗaya tak, amma a 2005 ba mai raina ta a ƙananan filayen tseren jihar. Direbanta Nashiru ne, ɗan zangon Kumasi, mijin Fourera ƙanwar Maazou. Sai Simeon ya sayi wani tsohon rumbun dawaki ya mai da shi gareji, suka kwashe kaya suka koma. Shi ke nan fa, abu ya fara lalacewa. Masu zuwa na biyu suka koma tsakiya, daga tsakiya sai can wutsiya. Kowa da nasa bayanin. Aka ce tayoyi ne, aka canza. Aka ce inji ne, aka sauke shi aka mayar. Kamfanin da ke manna sunansa a jikin motar ya janye. Masu baki har suka ce tun da Nashiru ya yi aure ƙafarsa ta daina taka totur.

Shi kuwa Nashiru abu ɗaya yake ta faɗa: motar tana jan shi dama. Filin tsere zagaye ne, kullum hagu ake karya kwana, dama kuwa katangar kankare ce. Makon jiya har ya goge ta.

"Chale, kamar na ɗauki fasinja," in ji shi, da irin kiran aboki na 'yan Kumasi. Aka yi dariya, don motar tsere kujerarta ɗaya ce.

Fourera ba ta yi dariya ba. Ta kira wanta tana kuka. "Yaya, kai ke taɓa motar nan. Don Allah kar ka bari ta kashe mini miji."

Da wannan maganar a ransa ya iso. Ba kowa a garejin. Har yanzu wurin yana warin tsohon kashin doki, haɗe da na baƙin mai. Ya tada inji ya bar shi ya yi zafi, ya kashe, ya tara bokiti ya buɗe lagireto. Ruwa zalla ake zuba wa motar tsere, shi ya sa ba ya wahalar da kansa wajen zubar da shi. Ya ɗauki bokitin yana tururi ya zagaya bayan rumbu, gindin wani ƙaton itace.

To, a Damagaram, garin su Maazou, ko yaro ya san ba a watsa ruwan zafi a ƙasa da magariba ba tare da bismillah ba. Maazou ma ya sani sarai. Amma mutum in ya daɗe a Amurka, ya ga kwalta da fitilu ko'ina, sai ya ɗauka su ma mutanen ɓoye sai da biza suke shigowa. Tun da suka dawo rumbun nan, nan yake zubarwa kowane mako.

Ya watsa.

Ƙasa ta yi cuuu. A cikin ƙarar akwai wani ɗan siririn kuka, kamar na ɗan kyanwa. Gyare duk suka yi tsit.

Ya ce wa kansa kyanwa ce. Ya koma ciki da sauri, ya zuba sabon ruwa, ya tura motar kan farantan sikeli, kowace taya da nata. Lambobi suka fito a allon da ke kan tebur, suka tsaya daidai yadda ake so. Ya yi ajiyar zuciya.

Sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan siminti. Takun kofato. Rabon rumbun nan da doki an daɗe.

Lambar dama ta motsa. Ta hau. Ta ƙara hawa.

Ƙarfen motar ya yi ƙara, ta karkata dama a hankali, yana kallo.

Wani ƙauri ya cika wurin, irin na naman da aka dafa da gashinsa. Maazou ya so ya gudu. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, amma sai ya ga kansa yana sunkuyawa yana leƙa tagar.

Wata mace ce zaune a ƙasa a cikin motar, inda babu kujera, tsakanin ƙarafa. Doguwa ce har wuyanta ya lanƙwashe a jikin rufi. A cinyarta, a kafaɗarta, a bayanta, ƙananan abubuwa ne naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, suna numfashi.

"Iskar ce ke sa su yin shiru," ta raɗa, da Hausar garinsu. "In motar na gudu, ƙunar takan yi sanyi."

Ta dube shi.

"Kowane mako kana ƙara mini ɗaya. Jibi dukanmu za mu hau."

Ya kalli allon. Da wannan nauyin, kwanar farko ma Nashiru ba zai karya ba.

"Baiwar Allah," ya ce, "mai tuƙa ta mijin ƙanwata ne. Ki sauka. Na roƙe ki."

Ruwa na ɗiga daga tsumma, ɗis, ɗis.

"Hannuna ya cika," ta ce. "Na yau ba inda zan sa shi. In ka riƙe, za mu sauka."

Ta miƙo.

Maazou ya tara hannu biyu.

Zafi! Kamar an ɗora masa murfin tukunya. Ya ƙwala ihu, sai a lokacin a'uzubillahi ta zo bakinsa. Ya yi waje a guje, ya bar ƙofa a buɗe, ya bar motarsa, yana gudu a bakin titi hannuwa a tare. Da iska ta buge shi, kukan abin da ke ƙirjinsa ya lafa.

Ranar Asabar motar ta yi sakayau. Nashiru ya gama tserensa lafiya, ko kusa da katanga bai je ba. Amma ƙungiyar ba ta sake komawa gaba ba, don Maazou bai ƙara riƙe sifana ba, kuma ba wanda ya san motar kamarsa. Shekara na zagayowa Simeon ya rufe garejin.

Wani malam ya yi addu'a, ya ba da rubutu, ƙunar hannu ta warke. Gwiwar hannun ce ta ƙi miƙewa. 'Yan Glenwood sun saba ganinsa da magariba yana sauri a bakin titi, ba inda za shi, hannuwa a lanƙwashe a ƙirji.

Da Fourera ta haihu, ranar suna gida ya cika. Nashiru na ta raba nama yana dariya. Ta ratso mutane da jaririn, ta zo gaban wanta.

"Yaya, ga takwaranka. Karɓe shi mana."

Maazou ya daɗe yana kallon yaron, hawaye na zubo masa.

"Kai shi wurin babansa, Fourera," ya ce a hankali. "Ni hannuna ba wuri."